Shirya jarrabawar tattalin arziki ta AP ba tare da malami ba

A watan Mayu na kowace shekara, ɗaliban manyan azuzuwan sakandare a Amurka, da wasu a ƙasashen waje, sukan zauna jarrabawar AP, wadda hukumar College Board take shiryawa domin auna karatun da zurfinsa ya kai matakin shekarar farko ta jami'a. A fannin tattalin arziki jarrabawar guda biyu ce, kowace da ranarta da makinta. Ta farko ita ce maikro, wadda take duba yadda mai saye da kamfani suke yanke shawara a cikin kasuwa guda. Ta biyu ita ce makro, wadda take duba ƙasa baki ɗaya: abin da take samarwa, hauhawar farashi, rashin aikin yi, kuɗin ruwa da darajar kuɗinta a waje. Hukumar ba ta gindaya sharaɗin cewa sai ɗalibi ya halarci ajin darasin kafin ya rubuta jarrabawar ba, saboda haka wanda makarantarsa ba ta koyar da fannin, da wanda jadawalinsa ya cika, da wanda yake karatu a gida, duk suna iya shirya kansu. Waɗannan jarrabawa biyu sun yi suna a cikin waɗanda mutum yake iya karanta wa kansa, kuma sunan yana da dalili, domin kowace ɗaya daidai take da kwas na zango ɗaya a jami'a, kuma lissafin cikinta bai wuce tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa da fitar da kaso cikin ɗari ba.

Sai dai wannan sauƙin ne yake kayar da mutane da yawa. Bayanin tattalin arziki yana shiga kunne da daɗi, domin yana magana ne a kan abubuwan da kowa ya taɓa gani: kaya ya yi tsada an rage saye, kuɗi ya yi yawa a hannun jama'a farashi ya tashi. Ɗalibi ya kalli bidiyo, ya gyaɗa kai, ya ji a ransa cewa ya gane, alhali abin da ya faru shi ne ya bi sawun tunanin wani. A ganina mai karatu shi kaɗai ba ya fama da ƙarancin bayani, domin bayani ya cika intanet kyauta. Abin da ya rasa shi ne wanda zai karɓi takardarsa ya ja jan layi a ƙarƙashin kuskure, ya ce masa amsar nan da yake gani daidai ce ba za ta sami maki ba. Duk shirin da zai yi, dole ne ya gina shi a kan hanyar cike wannan gurbi.

Kafin a kai ga karatu akwai batun rajista, wanda ya fi komai saurin wucewa mutum. A mafi yawan wurare ɗalibi ba ya sayen jarrabawar kai tsaye daga shafin hukumar. Makaranta ce take yin oda ta hannun jami'in da ta naɗa domin harkokin AP, kuma babu makarantar da aka wajabta wa karɓar ɗalibin da ba nata ba. Wa'adin odar ƙarshe ba tare da tara ba yana faɗowa ne a tsakiyar watan Nuwamba, wato kusan wata shida kafin ranar jarrabawa, kuma makarantu da dama sukan rufe nasu lissafin tun kafin lokacin. A jarrabawar 2025 kuɗin kowace ɗaya dala 99 ne a Amurka da Kanada, dala 129 a sauran ƙasashe, wanda kuma ya makara yana biyan ƙarin dala 40. Wanda ya bari sai Janairu sannan ya fara neman wurin zama yana iya samun ƙofa a rufe, komai ƙwazonsa. Saboda haka aikin watan Satumba shi ne a nemi makarantar da za ta karɓa, a sami amsa a rubuce, sannan a buɗe littafi.

Tsarin jarrabawar biyun iri ɗaya ne, kuma yana da kyau a san shi tun ranar farko. Kowace tana ɗaukar sa'a 2 da minti 10. Sashe na farko tambayoyi 60 ne na zaɓi, kowace da amsoshi biyar, a cikin minti 70, kuma shi ne yake ɗauke da kashi biyu cikin uku na maki. Ba a rage wa mutum maki saboda amsar da ba daidai ba, don haka babu dalilin barin tambaya fanko. Sashe na biyu tambayoyi uku ne na rubutu a cikin sa'a ɗaya, ciki har da minti 10 na karanta tambayoyin da tsara amsa. Guda ɗaya doguwa ce mai maki 10, biyu gajeru ne masu maki 5 kowace. Tun daga 2023 an yarda a shiga da ƙaramar na'urar lissafi mai ayyuka huɗu, kuma tun daga 2025 ana ganin tambayoyin a kwamfuta ta manhajar Bluebook, amma amsoshin sashe na biyu da hannu ake rubuta su a takarda. Wannan batu na ƙarshe yana da nauyi: zane da hannu za a yi shi, ƙarƙashin agogo, ba tare da wani samfuri a gaba ba. Sakamakon kuma daga 1 zuwa 5 ne.

Hukumar tana wallafa kundin manhajar kowane darasi kyauta, kuma shi ne ya kamata ya zama jagora maimakon jerin babobin wani littafi. A cikinsa an raba kowane darasi kashi shida, an kuma faɗi nauyin kowane kashi. A maikro, buƙata da samarwa suna ɗauke da kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na tambayoyin zaɓi, kuɗin samar da kaya da kasuwar cikakkiyar gasa kuma kashi 22 zuwa 25, wato waɗannan biyun kaɗai sun kusa rabin jarrabawar. A makro, kashin da ya fi nauyi shi ne na sakamakon manufofin gwamnati da babban banki a dogon zango, mai kashi 20 zuwa 30, kuma shi ne yake zuwa kusa da ƙarshen manhaja, daidai lokacin da mai karatu shi kaɗai ya gaji, ko lokaci ya ƙure masa. Littattafan jami'a sukan ƙunshi babobi da yawa da ba a tambaya a kansu, kuma mutumin da ba shi da malami yana iya ɓata makonni a kansu ba tare da ya sani ba. Darussan Khan Academy da littattafan kyauta na OpenStax, wanda jami'ar Rice take gudanarwa, sun isa a matsayin tushen bayani, muddin kundin hukumar yana gefe ana duba shi.

Ni ina ganin a fara da maikro, ko da mutum zai zauna duka biyun a shekara ɗaya. Kashi na farko kusan ɗaya ne a cikinsu, kuma a can ne ake koyon tunanin da komai ya dogara a kansa, wato cewa farashin kowane zaɓi shi ne abin da aka haƙura da shi domin a same shi. A ɗauki ƙasashe biyu. Ta farko, idan ta zuba dukan ƙarfinta a abu ɗaya, tana iya samar da tan 60 na ƙarfe ko tan 30 na siminti, ta biyu kuma tan 20 na ƙarfe ko tan 20 na siminti. Ta farko ta fi ta biyu a duka kayan biyu, kuma ido yana saurin yanke hukuncin cewa ba ta da abin da za ta ƙaru da shi a ciniki. Amma duk tan ɗaya na siminti da ta farko ta yi, ta haƙura da tan 2 na ƙarfe, ita kuwa ta biyu tan 1 kawai ta haƙura da shi. Siminti ya fi arha ke nan a wurin ta biyu, kuma idan suka yi musaya a kan tan ɗaya da rabi na ƙarfe ga kowane tan na siminti, dukansu sun ci riba. Wannan ita ce hujjar da David Ricardo ya kafa a 1817 da misalin Ingila da Fotugal, kuma har yau tana fitowa a jarrabawar. Tarkon da ake sakawa shi ne a ba da teburin da yake nuna sa'o'in da ake ɓatarwa wajen yin kaya ɗaya maimakon yawan kayan da aka samar, sai wanda ya haddace hanyar rabawa ba tare da ya san dalilinta ba ya juya lissafin ya fitar da akasin amsa.

Zane shi ne harshen wannan jarrabawa, kuma a nan ne ya kamata mafi yawan lokaci ya tafi. Tun daga Alfred Marshall, wanda littafinsa na 1890 ya yaɗa wannan salo, ana ɗora farashi a layin tsaye, adadi a layin kwance, layin buƙata yana gangarowa, na samarwa yana hawa, inda suka haɗu kuma nan ne kasuwa take daidaita. Kowa yana iya gane wannan a minti biyar. Abin da yake ɗaukar makonni shi ne bambance tafiya a kan layi da gusawar layin gaba ɗaya. Idan farashin kaya ya tashi, mutane sun rage saye, layin buƙata bai motsa ba, a kansa aka matsa. Idan kuwa kuɗin shigar jama'a ne ya ƙaru, ko farashin wani kaya da ake amfani da shi a madadinsa ya canja, to layin ne da kansa ya gusa. Ɗalibin da ya rubuta cewa farashi ya tashi don haka buƙata ta ragu, buƙata ta ragu don haka farashi ya sauko, ya shiga da'irar da ba ta da ƙofa, kuma ba zai lura ba sai an nuna masa. Kallon wani yana zana waɗannan layuka kamar kallon direba ne daga kujerar baya: mutum ya san duk hanyar, amma ranar da aka miƙa masa sitiyari sai ya ga hannunsa bai san komai ba. Maganin shi ne farar takarda. A rufe littafi, a zana daga ƙwaƙwalwa, a sa wa kowane layi sunansa, a nuna inda aka fara da inda aka ƙare, sannan a buɗe a gwada.

A maikro akwai ƙa'ida ɗaya da take bin kusan duk zanen kamfani: kamfani yana ci gaba da ƙara samarwa muddin abin da ƙarin kaya ɗaya zai kawo masa ya fi abin da zai kashe wajen yin sa, kuma yana tsayawa inda biyun suka yi daidai, abin da ake rubutawa MR = MC, inda MR yake nufin abin da ƙarin kayan ya kawo, MC kuma abin da aka kashe wajen yin sa. A kasuwar cikakkiyar gasa kamfani ƙarami ne, ba ya iya taɓa farashi, don haka abin da ƙarin kaya ɗaya yake kawowa shi ne farashin kasuwa. A wurin mai babakere lamarin ya bambanta, kuma ƙaramin lissafi ya fi dogon bayani nuna dalili. A ce yana sayar da kaya 5 a kan dala 10 kowane, ya tara dala 50. Domin ya sayar da na shida dole ya sauke farashin duka zuwa dala 9, ya tara dala 54. Na shidan an biya shi dala 9, amma abin da ya ƙara wa aljihun mai kaya dala 4 ne kacal, domin an yi asarar dala ɗaya a kan kowane daga cikin biyar na farko. Shi ya sa layin MR yake ƙarƙashin layin buƙata, shi ya sa kuma mai babakere yake samar da ƙasa da abin da gasa za ta samar, ya sayar da tsada. Kuskuren da ya fi yawa a wannan zane shi ne mutum ya sami adadin daidai inda MR ya haɗu da MC, sannan ya karanta farashi a wurin haɗuwar, alhali dole ne ya hau sama har layin buƙata domin ya ga abin da masu saye za su biya. Wanda ya yi lissafin dala 4 da hannunsa ko sau ɗaya da wuya ya sake faɗawa wannan rami.

Sauran maikro, wato teburin dabarun kamfanoni biyu masu gasa, kasuwar ƙwadago, haraji da tallafi, da illar da ciniki yake jawo wa wanda ba ya cikinsa kamar gurɓata iska, duk suna sauƙaƙa idan wancan tushe ya zauna, kuma kowane ba ya buƙatar fiye da 'yan kwanaki.

Makro tana da wani irin wuya na daban. Zanenta ba su da yawa, amma suna haɗe da juna, kuma doguwar tambaya takan bi sarƙa daga wannan zuwa wancan: an ce ƙasa tana cikin koma-baya, a zana matsayinta, gwamnati ta ƙara kashe kuɗi, a nuna abin da ya faru da samarwa, ta ci bashi domin yin hakan, a nuna abin da ya faru da kuɗin ruwa, kuɗin ruwa ya tashi, a faɗi abin da zai sami darajar kuɗin ƙasar da kayan da take fitarwa. Idan zobe ɗaya ya ɓalle, sauran suna cikin haɗari, ko da yake masu gyara sukan ba da maki ga amsar da ta yi daidai da abin da ɗalibi ya faɗa a baya, ko da wancan kuskure ne. Lissafin ninki misali ne na abin da yake da sauƙin haddacewa amma yake buƙatar fahimta. Idan jama'a suna kashe kashi 80 cikin ɗari na duk ƙarin kuɗin da suka samu, dala biliyan 100 da gwamnati ta kashe tana iya ƙara wa jimillar samarwa har biliyan 500, domin kuɗin yana zagayawa daga hannu zuwa hannu, kowane hannu yana ajiye kashi 20. Amma rage haraji na biliyan 100 iyakarsa biliyan 400, saboda tun a zagayen farko mutane sun ajiye biliyan 20 ba su kashe ba. Akwai kuma zane biyu masu kama da juna da suke rikita mutane, wato kasuwar kuɗi da kasuwar rance. A ta farko abin da yake layin tsaye kuɗin ruwa ne kamar yadda banki yake faɗarsa, a ta biyu kuma kuɗin ruwa na haƙiƙa ne, bayan an cire hauhawar farashi. Sunan da aka sa wa wannan layi kaɗai yana iya cinye makin zanen.

Akwai wuri ɗaya a makro da mai karatu shi kaɗai ya fi ɗan aji shiga haɗari, kuma shi ne yadda babban banki yake sarrafa kuɗin ruwa. Tsofaffin littattafai da tsofaffin bidiyo suna koyar da cewa babban bankin Amurka yana sayen takardun bashin gwamnati ko ya sayar da su, ajiyar bankuna ta ƙaru ko ta ragu, kuɗin ruwa ya sauka ko ya hau, kuma yana iya canja kason ajiyar da aka wajabta wa bankuna. Wannan bayani daidai ne a tsarin da ajiyar bankuna take da ƙaranci. Amma bayan rikicin kuɗi na 2008 ajiyar bankunan Amurka ta yi yawa ƙwarai, babban bankin ya fara biyan su kuɗin ruwa a kan ajiyarsu tun daga Oktoba na shekarar, kuma a Maris na 2020 ya mayar da kason ajiyar dole zuwa sifili. A irin wannan yanayi ƙaramin saye ko sayar da takardun bashi ba ya motsa kuɗin ruwa, domin bankuna suna da ajiya fiye da buƙatarsu. Abin da yake motsa shi shi ne adadin da babban bankin yake biya a kan ajiya, tunda babu bankin da zai ranta wa wani a ƙasa da abin da zai samu idan ya bar kuɗinsa a can. Hukumar College Board ta shigar da wannan cikin manhaja, an fara tambaya a kansa a 2023, kuma yanzu ana gwada ɗalibi a kan tsarin biyu, tambayar tana faɗin wanne ƙasar take bi. Wanda ya karanta littafin da aka buga kafin wannan gyara zai amsa da cikakken tabbaci, ya kuma rasa makin. Kafin a dogara ga kowane littafi ko jerin bidiyo, a duba ko yana da zanen kasuwar ajiyar bankuna mai ɓangaren da ya kwanta. Idan babu, to ya tsufa a wannan babi.

Jarrabawar ba ta tambayar tarihi, amma na ga cewa ɗan tarihi yana riƙe wa mutum zane a kai fiye da maimaitawa. A 1958 A. W. Phillips, ɗan asalin Niyuzilan da yake koyarwa a Landan, ya duba alƙaluman Birtaniya daga 1861 zuwa 1957, ya ga cewa idan rashin aikin yi ya yi ƙasa albashi yakan hau da sauri. Aka ɗauka cewa gwamnati tana iya zaɓar ɗan hauhawar farashi domin ta rage rashin aiki. A ƙarshen shekarun 1960 Milton Friedman da Edmund Phelps suka ce wannan ciniki na ɗan lokaci ne, domin da zarar ma'aikata sun fara tsammanin hauhawar za su nemi ƙarin albashi daidai da ita, rashin aikin ya koma inda yake. Bayan tashin farashin man fetur na 1973 ƙasashe da dama suka ga abubuwan biyu tare, tsada da rashin aiki. Wanda ya san wannan labari ya san dalilin da ya sa zanen Phillips yake da layi biyu, ɗaya mai gangara na gajeren zango, ɗaya a tsaye na dogon zango, ya kuma san cewa girgizar da ta taɓa samarwa gusar da layin take yi, wadda ta taɓa buƙata kuma tafiya ce a kansa. Haka nan abin da ya faru kwanan baya yana da amfani wajen gwaji: hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1 cikin ɗari a Yuni na 2022, babban bankin kuma ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili a Maris na 2022 zuwa tsakanin 5.25 da 5.5 a Yuli na 2023. Ɗalibi ya zauna ya bi wannan mataki a kan zane, daga kuɗin ruwa zuwa zuba jari, zuwa jimillar buƙata, zuwa darajar dala. Sai dai a kiyaye, amsar jarrabawa daga cikin samfurin take fitowa. Ba a neman ra'ayin mutum a kan ko manufar ta dace, kuma ɗalibai masu yawan karanta labarai sukan rasa maki ta hanyar kawo abin da ya faru a zahiri maimakon abin da zanen ya ce.

Yanzu ga batun mai gyara. Hukumar tana sa tambayoyin rubutu na shekarun baya-bayan nan a shafinta, tare da ƙa'idojin ba da maki, da samfurin amsoshin ɗalibai na gaske da bayanin dalilin da ya sa kowace ta sami abin da ta samu. Wannan shi ne abin da ya fi kusa da malami ga wanda ba shi da malami, kuma hanyar amfani da shi ita ce a amsa tambaya da agogo, a ajiye takardar zuwa washegari, sannan a gyara ta da wani alƙalami dabam, ba sani ba sabo. Duk inda mutum ya ji yana cewa ai abin da nake nufi ke nan, to makin bai samu ba, domin mai gyara na gaske ba ya ganin nufi. A cikin ƙa'idojin ne ake gane cewa umurnin tambaya yana da matakai. Idan an ce a faɗi abu, kalma ɗaya ta isa, kuma ƙarin bayani ɓata lokaci ne. Idan an ce a yi bayani, dole a kawo dalilin da ya haɗa sanadi da sakamako. Rubuta cewa zuba jari zai ragu ba ya isa, sai an ce zai ragu ne domin rance ya yi tsada. Idan an ce a lissafa, sai an nuna aikin, amsar ƙarshe ita kaɗai ba ta samun maki. Idan an ce a zana, kowane layi da sunansa, kowace gusawa da kibiyarta. Yana da amfani a riƙa rubuta kowane makin da aka rasa a wuri ɗaya tare da dalilinsa, domin bayan 'yan makonni sai a ga cewa kurakuran ba su da yawa, iri ɗaya ne suke dawowa, kuma a kansu ne ya kamata watan Afrilu ya ƙare.

Rabon lokacin da nake ganin ya dace ga mai zama duka biyun shi ne maikro daga Satumba zuwa Disamba, makro daga Janairu zuwa Maris, Afrilu kuma a bar shi ga cikakken gwaji, amma da sharaɗin a riƙa komawa zanen maikro ko sau ɗaya a mako a lokacin makro, in ba haka ba za su goge. Akwai masu cewa sun gama komai a makonni uku sun sami 5, kuma ban ƙaryata su ba, sai dai waɗanda suka gwada hakan suka faɗi ba su cika ba da labari ba. A ranar jarrabawa kowace tambayar zaɓi tana da daƙiƙa 70 a matsakaici, lokacin da ya isa a yi ɗan ƙaramin zane a takardar gwaji, kuma wannan ɗan zanen yakan warware tambayar da tunani a kai yake rikitawa. A sashen rubutu hukumar da kanta tana ba da shawarar a ba doguwar tambaya rabin lokaci, a raba saura tsakanin gajerun biyu.

Sakamako yana fitowa a watan Yuli, kuma abin da zai haifar ya dogara ga jami'ar da mutum yake nema. Wasu jami'o'in Amurka suna yafe wa ɗalibi kwas na farko idan ya sami 3, wasu sai 4 ko 5, wasu kuma ba sa yafewa sam, sai dai su ba shi damar fara daga kwas na gaba, kuma a jami'a ɗaya ma sashen tattalin arziki yana iya tsananta wa ɗalibansa fiye da sauran sassa. Kowace jami'a tana wallafa ƙa'idarta, hukumar ma tana da wurin bincika su a shafinta, don haka ya kamata a duba wannan tun kafin a biya kuɗin rajista, musamman ga wanda yake tunanin ko ya zauna ɗaya ko duka biyun.